Gandu, Jinga ko Noma-mu-raba: Wa Za Ka Damƙa wa Gonar Hatsin da Ba a Feshi?

Wani abokin aikina da ya kusa ritaya ya same ni kwanakin baya yana neman shawara. Yana da gonar gado a ƙauyensu, hekta kusan takwas, kuma wani mai fitar da kaya ƙasashen waje ya yi masa romon baka cewa in zai iya noma dawa da gero da riɗi ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, akwai masu saye, kuma da daraja. Tambayoyinsa duk a kan iri suke da taki: wane iri zai nema, mota nawa ta kashin shanu za ta ishe shi. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi wa zai riƙa kwana kusa da gonar. Ya yi shiru. Ko kaɗan bai kawo wannan a ransa ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Irin wannan noma, wanda masu saye na Turai da Amurka ke kira oganik, ya yi kama da na kakanninmu, amma akwai abin da ya ƙaru a kai, wato shaida. Ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda sabuwarta ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, ta ce gonar hatsi sai ta yi shekara 2 ba a sa mata haramtaccen sinadari ba kafin a shuka abin da za a sayar da wannan suna. Ta Amurka kuwa wata 36 take nema kafin girbi. Kowace shekara mai bincike daga kamfanin ba da shaida, irin su Ecocert ko Control Union, zai zo ya taka gona, ya leƙa rumbu, ya buɗe littafin da ake rubuta ayyuka, wani lokaci ma ya ɗebi ƙasa ko hatsi a kai ɗakin gwaji. Feshin rabin awa da wani ya yi maka da kyakkyawar niyya ya isa ya mayar da wannan fili farkon lissafi.

Manomin da ke feshi, ma'aikata ne ya saya a cikin kwalba. Mutum ɗaya da famfo a bayansa yakan gama kafin azahar abin da mutum goma za su wuni a kai da fartanya. Ranar da ka ajiye kwalbar, mutum goman nan sun dawo wuyanka. Ga kai taki tun bazara, ga watsa shi, ga huɗa da shuka da cira, ga noman firi da maimai. Ga ƙuduji, wanda sai an bi shi an tuge da hannu kafin ya yi fure, don in ya zubar da iri ka gama da gonar na shekaru. Mai masara kuma yana da tsutsar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016, wadda in ba za a yi mata feshi ba sai a riƙa bin kunya-kunya ana leƙa zuciyar masara, ana zuba toka ko ruwan darbejiya. Abin da ya fi ciwo shi ne mafi yawan wannan aiki a makonni shida na farko bayan shuka yake taruwa, daidai lokacin da kowa a ƙauye ke fama da tasa gonar. Saboda haka zaɓin da ke gaban mai irin wannan gona na mutane ne, kuma hanyoyin da muka sani ba su da yawa.

Ta farko ita ce gandu. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa su yi aikin babbar gona tare daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, maigida kuma ya ɗauki nauyin ci da sha da auren samari. In ana maganar amana, babu kamar wannan, don ba wanda zai cuci rumbun da zai ci daga ciki. Ga kuma sanin ƙasa: yaron da ya tashi a gona ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san jigawar da ba ta son dawa. Da irin wannan hannu ne ƙauyukan kewayen Kano suka yi ta noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, jakuna na jigilar taki a mangala daga birni da turakun gida. In kana zaune a ƙauye, kana da 'ya'ya uku da suka isa riƙe garma kuma sun yarda da tafiyar, to kada ka wahalar da kanka da sauran wannan rubutu.

Amma gida nawa ne suka rage a haka? Samari sun tafi acaɓa, wasu haƙar zinariya, wasu Legas da Abuja. Shi kuma ma'aikacin gwamnati da ke birni, abin da yake kira gandu yawanci ɗora wa 'yan'uwa nauyi ne kawai. Ɗan yayanka ba ka iya sallamarsa, ba ka iya yi masa faɗa yadda ya kamata, in kuma ka tambayi lissafi sai a ce ka raina mutane. Akwai wata matsala da ba a cika hangowa ba, ita ce gayauna. Ƙaninka yana da iko da gayaunarsa, zai sa yuriya, zai yi feshi, ba ka da ta cewa. To amma famfonsa a zaure ɗaya yake kwana da kayan babbar gona, buhunansa da naka a ɗaki ɗaya, dawarsa da taka iri ɗaya ce a ido. Mai bincike in ya ga haka zai yi ta tambaya, kuma yana da gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan ƙwadago, kuma a nan dole a rarrabe abu biyu da mutanen birni ke haɗawa. Akwai ƙwadagon yini, inda ake biyan mutum kuɗin safiyarsa ko wuninsa, a kai masa fura ko kunu gona. Akwai kuma jinga, inda za a tsaya a bakin gona a nuna fili, a yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya, ya gama yau ko jibi ruwansa. Kowa ya fi son jinga. Mai gona ya san abin da zai kashe tun farko kuma ba sai ya tsaya a kansu ba, ma'aikaci kuma in yana da ƙarfi sai ya ci kuɗin kwana uku a kwana biyu. Ni ma ita na zaɓa a shekarata ta farko ta irin wannan noma a tawa gonar, kuma ga yadda ta kaya.

Na ba wasu samari uku jingar maimai a wani ɓangare na gonar dawa, lokacin ta kai gwiwa. Muka yi ciniki ranar Asabar, na ba da rabin kuɗi, na jaddada cewa ban da feshi, na koma gari. Ranar Talata aka kira ni wai an gama. Na yi mamakin saurin, amma daɗi ya hana ni tunani. Da na dawo Asabar ta gaba, kunyoyin bakin hanya sun sha fartanya tsaf, gwanin sha'awa. Ina kutsawa ciki sai na ga kwarin kunya ya yi jawur kamar an bi shi da wuta, harƙiya da ƙiri-ƙiri suna tsaye a inda suke amma a bushe, ƙasa kuwa ko ƙwarzane babu. A gindin wani kargo na tsinci kwalbar, an ɗauraye ta an jefar. Na aika a kira babbansu, ya zo da fara'arsa.

"Malam, ba na ce maka ban da feshi ba?"

"Ka faɗa, Alhaji. Ai mun ɗauka tsadar maganin kake gudu. Mu muka saya da kuɗinmu, ko sisi ba za mu ƙara maka ba. Wannan ciyawar in da hannu aka nome ta, kwana goma ta dawo. Yanzu kuwa ka huta sai girbi."

Ya tsaya yana jiran godiya. Kuma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: laifina ya fi nasa. Na faɗa masa doka ban faɗa masa dalili ba, sannan na biya shi a kan gona ta yi fes, ban biya shi a kan yadda za ta yi fes ɗin ba. Jinga haka take, sakamako take saye, kuma duk inda kwalba za ta kawo sakamakon da sauri, wata rana sai an kawo kwalbar. Tun daga nan na raba ayyukan gona gida biyu. Aikin da ba shi da gajeriyar hanya ta sinadari, kamar jigilar taki, huɗa da garmar shanu, yankan gero da ɗaurin dami, a ba da shi jinga ba fargaba. Noman firi da maimai da cire ƙuduji kuwa, ko dai na yini ne, ko jingar da mutuminka ke tsaye a kai daga farko har ƙarshe. Sassabe ma na cire shi daga jinga, don mai jinga duk abin da ya tsiro sarewa yake, ni kuwa ina son a bar min gawo da 'yan tohon kalgo da sabara, irin sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980 har gonakinsu suka sake yin itatuwa. Gawo ai ba ya gasa da shuka, da damina yake zubar da ganye, geron gindinsa kuma kowa ya san ya fi na fili.

Ƙwadagon yini ya fi aminci, sai dai ya fi tsada kuma yana cin ido. In ba ka nan, aikin safiya ɗaya sai ya zama na biyu. Kuɗinsa kuma yana tashi daidai lokacin da ka fi matsuwa, domin ranar da ruwa ya sauka kowa nema yake. Abu ɗaya na lura da shi: a ƙauye an san wanda ke biya kafin gumi ya bushe, kamar yadda hadisi ya yi umarni, an kuma san mai cewa a dawo ranar kasuwa. Ran da hannu ya yi wuya, gonar na farko ake fara zuwa. Wannan suna ya fi ƙarin ɗari biyar a kan kuɗin yini amfani.

Gayya ba sai na daɗe a kanta ba. Tana da daɗi, ga kiɗa ga tuwo ga goro, a share babban fili a wuni ɗaya. Amma bashi ce, wanda aka yi wa yau shi zai je ta wani gobe, mutumin birni kuwa ba ya nan balle ya rama. Ga shi samari in suka ɗau zafi suna tsere, ƙananan shuka na shan sara. Ta yi kyau a girbi, ban ba da shawararta a noman firi ba.

Sai manaja mai albashi, wanda shi ne abin da ya fara zuwa ran abokina da na matsa masa. A ɗauko yaro da ya gama kwalejin aikin gona, ko ta Samaru ko ta Audu Bako da ke Ɗambatta, a saya masa babur, a ce ga gona. Yana da amfanin da sauran ba su da shi, kuma ba ƙarami ba ne. Shi zai zana taswirar gona, ya rubuta ranar da aka kai taki da inda aka samo shi, ya ajiye rasiɗin iri, ya amsa wa mai bincike da Turanci. Shi zai gane cewa irin nan mai launin ja ko shuɗi da ake sayarwa a leda an riga an cuɗe shi da magani, bai halatta a wannan gona ba. Shi zai san cewa ba kowane taki ne ake karɓa ba: sharar birni mai leda da matattun batura ba ta shiga, kashin kajin da ake tsarewa a keji ma ƙa'idar Turai ba ta yarda da shi ba. Tsohon manomi zai ce taki taki ne, ya jawo maka asara ba da saninsa ba.

Matsalar manaja lissafi ce. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, kafin man babur da wurin kwana, kuma mai takardar difloma da wuya ya daɗe a kan mafi ƙaranci. Albashi wata goma sha biyu ne, gona kuwa sau ɗaya take biya. Sannan shi ba noma zai yi ba, 'yan ƙwadago zai ɗauka, kuɗinsu na nan daram. Ko dawa ta yi ko ba ta yi ba, ƙarshen wata zai ga saƙon banki. Yawancin abin da aka koya masa kuma a kan buhu nawa na NPK hekta ke ci ne da lita nawa ta maganin ciyawa, don haka shi ma sabon ɗalibi ne a wannan fage. In baƙo ne a garin, dattawa za su kira shi malamin gona cikin girmamawa, su saurare shi da kyau, yana juya baya su yi yadda suka saba. A hekta takwas, manaja zai cinye ribar kafin a gan ta. Inda yake biyan kansa shi ne babbar gona, ko kuma inda manoma da yawa suka haɗu suka ɗauke shi tare. Ƙa'idar Turai ta buɗe wannan ƙofa: ƙananan manoma, waɗanda gonarsu ba ta wuce hekta 5 ba ko cinikinsu na shekara bai taka kara ya karya ba, suna iya haɗuwa a ƙungiyar da ba ta wuce mutum 2,000 ba su karɓi shaida ɗaya, da masu bincikensu na cikin gida. A nan mai biro da littafi yake da gurbi na gaske.

Na bar noma-mu-raba a ƙarshe don ita na fi karkata gare ta, kuma ita ce ta fi saurin lalacewa in aka yi ta da garaje. Ka samu manomi mazaunin garin, mai iyali, wanda gonarsa ta yi masa kaɗan. Kai ka kawo fili da taki, shi ya kawo ƙarfinsa da na 'ya'yansa, in an yi girbi a raba bisa abin da aka yi alkawari. Kason ya danganta da gari da kuma abin da kowa ya zuba. Alherin wannan a fili yake. Mutumin yana nan da asuba, yana nan ran da aka yi ruwan dare, shi zai fara ganin tsutsa, shi zai kori awakin da suka ɓalle. Ba sai ka tsaya a kansa ba, domin dami goma in suka zama takwas, shi ma tukunyarsa ta ji.

To amma wannan ribar da ke sa shi ƙwazo ita ce kuma ke iya kai shi ga abin da ka hana. Gonar da ta saba da takin zamani, in aka yanke mata, takan ja baya a shekarun farko kafin takin gargajiya ya kama ƙasa. A daidai waɗannan shekaru kuma ba ka da shaida tukuna, farashin kowa za ka sayar. Kai kana da albashi ko shago, kana iya jira. Shi kuwa yana tsaye a watan Agusta, rumbunsa ya yi ƙasa, yana kallon masarar maƙwabci baƙa ƙirin don kore, taku ta yi ɗorawa. Mudu biyu na yuriya da magariba, wa zai sani? Ban ce zai yi ba, amma duk wanda ya ƙulla yarjejeniyar da ta bar talaka shi kaɗai da asarar shekarun sauyi, shi ya gayyato wannan tunani. Ga kuma maganar wa'adi. Takin gargajiya ba a shekara ɗaya yake biya ba, amfaninsa na bin ƙasa shekara biyu, uku. Wa zai karya bayansa yana gyara gonar da ake iya karɓewa baɗi a ba wani, bayan ta yi kyau?

Don haka in za a yi, ga abin da na ga yana riƙe ta. Wa'adin ya zama mai tsawo, shekara biyar ko fiye, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. A shekarun sauyi a ƙara masa kaso, ko a yanka masa wani abu na wata-wata daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hatsi ya fi tsada kuma aiki ya fi yawa. Kuɗin ƙarin hannu a noman firi ya fito daga aljihunka, don iyali ɗaya ba za su iya hekta da yawa a mako biyu ba. Idan shaida ta fito, kasonsa ma a saye shi a farashin masu fitarwa, kada ka saye a farashin kasuwar ƙauye ka je ka ci riba kai kaɗai, don ranar da ya gano haka amana ta ƙare. A bar masa kara da harawa in yana da dabbobi, da sharaɗin takin turkensa gonar zai dawo. Kuma a zaunar da shi a yi masa bayanin dalili dalla-dalla, har da abin da zai rasa shi kansa in aka kama sinadari a hatsin.

Akwai ɓangaren shari'a da bai kamata a tsallake ba. A mazhabar Malikiyya ba a ba da hayar ƙasa da abinci ko da abin da ƙasar ke fitarwa. Tarayyar noma ta halatta, amma Risala, littafin fiƙihun wannan mazhaba, ta kawo sharaɗi: in iri daga su biyun ya fito, ɗaya na da ƙasa ɗaya na da aiki, ya yi; in kuwa ɗaya ya kawo iri shi kaɗai, ɗayan ya kawo ƙasa, bai halatta ba. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun sassauta, suna kafa hujja da yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar wa mutanen Haibara gonaki a kan rabin amfani. Kafin a sa hannu a kai wa malami tsarin ya duba, a kuma yi maganar zakka tun wuri, wadda a noman damina ɗaya bisa goma ce in amfani ya kai nisabi.

Duk hanyar da ka bi, akwai wasu mutane da ba sa cikin lissafin kowa amma suna iya gyara ko ɓata komai. Na farko Bafulatanin da zai zaunar da shanunsa a gonarka da rani. Garke in ya yi makonni yana kwana a fili ana matsar da shi, ya fi mota da yawa ta taki, ga fitsari da ba a iya ɗaukowa a mota. A da dami ake ba shi da ruwan sha, a rabu da mutunci. Rashin tsaro ya ɓata wannan hulɗa a wurare da dama na Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, amma inda take da rai, wanda ya riƙe ta shi ne mazaunin gari da ya san ardo, kuma wannan wani maki ne ga noma-mu-raba a kan manaja baƙo. Na biyu maƙwabcin gona. In ya yi feshi ranar iska, rabonka na ciki. Ana barin tazara a kan iyaka, a shuka gamba ko a ware amfanin kunyoyin gefe a ci a gida, amma gaisuwa da ɗan goro su ke sa ya jira iska ta kwanta.

Na uku, kuma su aka fi mantawa, matan da ke sussuka da shiƙa. An yi wata biyar ana kiyaye gona, sai ranar casa wata baiwar Allah ta ga buhu ya ƙare, ta aika yaro gida ya ɗauko wanda ke akwai, wato tsohon buhun taki da aka kakkaɓe. Haka mai injin casa da ya taso daga masarar wani bai share cikin injin ba. Haka mai sito da ya saba jefa ƙwaya a cikin buhu ko yayyafa fiya-fiya don ƙwari, yana ganin gata ya yi maka. Kada a ɗauki wannan wasa: irin wannan magani ne, wanda aka samu ya wuce kima, ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Maganin abin mai sauƙi ne in an shirya. A sayi sababbin buhuna tun kafin girbi, a yi musu alama. A busar da hatsi sosai a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku ko ganga mai murfi, inda ƙwaro ke mutuwa don rashin iska. A tara matan tun ranar farko, uwargidan mai kula da gonar ta yi musu bayani da bakinta, don maganarta ta fi taka shiga. A kuma biya su da kyau, ko da kuɗi ko da mudu.

Abin da na faɗa wa abokina shi ne kada ya taɓa hekta takwas a tashi ɗaya. Ya ware biyu, sauran ya ci gaba da noma su yadda aka saba, da wani amfani daban don kada a cakuɗa. Ya karɓi alkawarin mai sayen nan a rubuce kafin ya kashe ko kwabo a kan shaida, domin a kasuwar hatsi ta Dawanau dawa dawa ce, ba wanda zai ƙara masa naira ɗaya don bai yi feshi ba. Ya nemi mutum ɗaya mazaunin gari su yi noma-mu-raba, jinga ta tsaya a taki da huɗa da girbi, littafi kuma ya riƙe da kansa tunda ritaya za ta ba shi lokaci, ko ya ba ɗansa da ke sakandare. Manaja ya jira sai gonar ta girma ko sun yi ƙungiya.

Ya tafi ƙauye a ƙarshen makon, ya dawo da labari. Kawunsa ya haɗa shi da wani dattijo mai 'ya'ya huɗu da shanun huɗa biyu. Ya ce ya yi ta zuba bayani a kan kaso da farashin Turai, dattijon na sauraro yana wasa da ƙasa a hannu, bai tanka ba sai da ya gama.

"Alhaji, duk na ji. Shekara nawa za ka bar min ita?"

"Biyar, Baba, in Allah ya kai mu."

"To a fara kai taki tun yanzu, kafin jakunan gari su yi tsada."